Yadda ake rainon waken cikpi a kwalba, daga wanke iri zuwa ceton ɗan tayi

Ɗaliban kimiyyar tsirrai da masu aikin inganta iri sun daɗe suna aiko da tambaya iri ɗaya: an ce ana rainon waken cikpi a cikin kwalba, to daga ina ake farawa, me ake saye, kuma me ya sa namu yake mutuwa a hanya? Cikpi shi ne waken da 'yan'uwanmu na Sudan suke kira kabkabe, wanda ake yin balila da shi a watan azumi. Indiya ce kan gaba wajen nomansa a duniya, kuma akasarin hanyoyin da zan kawo a can aka gyara su, musamman a cibiyar binciken amfanin gona ta ICRISAT da ke Patancheru kusa da Haidarabad, sai kuma wasu ɗakunan bincike na Ostireliya.

Ka riƙe abu ɗaya tun daga nan. Fitar da toho daga cikpi ba wani abin wahala ba ne, ɗalibi mai natsuwa zai iya a watansa na farko. Inda aikin yake tsayawa shi ne wajen saiwa, da wajen fitar da tsiron daga kwalba zuwa tukunyar ƙasa. Saboda haka na jera matakan yadda za ka ƙware a kan iri na gama-gari tukuna, mai arha, wanda in ya mutu za ka ɗebo wani. Ceton ɗan tayin ruwa-biyu, wato na haɗin cikpin gona da danginsa na daji, wanda shi ne babban amfanin wannan aiki ga mai inganta iri, na ajiye shi can ƙarshe da gangan.

1. Kayan aiki da inda kuɗi suke tafiya

Abin da ba makawa sai da shi: teburin lamina mai hura tatacciyar iska, otokilef na kashe ƙwayoyin cuta, sikeli mai auna har miligiram, na'urar gwada pH, firji, hantsaki mai tsini guda biyu ko uku, askar tiyata da ƙarin reza, fitilar sifirit, farantan Fetiri, kwalabe masu murfi, takardar tacewa, da tataccen ruwa. In za ka kai mataki na 9, sai ka ƙara da madubin ƙara girma mai ido biyu. Ɗakin raino yana son sanyi na digiri 24 zuwa 26, da haske awa 16, duhu awa 8.

Ana iya rage kuɗi a wurare uku ba tare da an cuci aikin ba. Tukunyar firesha ta girki tana maye gurbin otokilef in dai tana kai matsin da ke ba da digiri 121. Kwalaben jam da aka wanke tas suna yin aikin kwalaben kanti. Farin sukari na shayi yana isa ga matakan toho, ko da yake a ceton ɗan tayi na fi son a sayi sukarin ɗakin bincike. Wurin da ba a tsumulmula shi ne matatar iskar lamina da kuma lantarki. Ɗakin da na'urar sanyi ke mutuwa duk rana tsaka zai tara raɓa a cikin kwalabe, raɓa kuwa ita ke jawo fumfuna.

Ga lissafin da za ka kai wa mai sa hannu a kan kuɗi. Lita ɗaya ta abincin raino tana cin giram 4.4 na garin MS (gaurayen gishirin da ke ciyar da tsiro), giram 30 na sukari, giram 8 na aga (garin da ke daskarar da abincin). Tana cika faranti 40 in ana zuba mililita 25, ko kwalba 20 in ana zuba 50. In kana da yankin tsiro 200, biyar-biyar a kwalba, kwalba 40 ke nan, lita 2 a kowane sauyi. Sauyi biyar, lita 10. Gwangwanin aga na giram 500 zai yi maka lita 60 da 'yan kai. Giram ɗaya na BAP kuwa, sinadarin girma mai sa toho, a kan miligiram 2 a lita, zai yi lita 500. Don haka kada ka sayi manyan kwalaben sinadaran girma, za su lalace kafin ka ci rabinsu. Ku haɗa kuɗi da maƙwabtan ɗaki ku raba.

2. Zaɓen iri

Cikpi iri biyu ne manya. Desi ƙanana ne, masu duhun launi da kaurin fata. Kabuli manya ne, farare, fatarsu siririya. Mai koyo ya fara da desi, don ya fi jure wanki. Nau'o'in da aka yi aiki da su sosai a Indiya sun haɗa da C 235 da Annigeri da K 850, a ɓangaren kabuli kuma ICCV 2. Kowane nau'i da yadda yake amsa abincin raino, saboda haka ka gwada uku a jere, ka ga wanda ya fi ba ka toho a ɗakinka.

Iri ya zama sabo, na kakar da ta wuce, marar huji, marar tsaga. Rumbun adana iri na ICRISAT yana riƙe da samfurin cikpi sama da 20,000, har da dangoginsa na daji, kuma ana bayarwa don bincike bisa yarjejeniya. Ita ma cibiyar ICARDA, mai binciken noma a busassun yankuna, tana da nata, musamman kabuli.

*Hattara:* wanda aka saya a kasuwa don ci ba ya aiki a nan. Ba ka san sunansa ba, ba ka san shekarunsa ba, kuma sau da yawa akwai bakteriya a can cikin ƙwayar inda wanki ba ya kaiwa. In kuma daga waje za a aiko maka, ka nemi takardar izinin shigo da iri daga hukumar killace tsirrai ta ƙasarka kafin a ɗora shi a jirgi.

3. Haɗa abincin raino

Tushen komai shi ne abincin MS, wanda Murashige da Skoog suka fitar a 1962. Bi wannan jeri, kada ka sauya shi:

Zuba tataccen ruwa mililita 800 a mazubi. Narkar da garin MS da sukari. Ƙara sinadaran girma masu jure zafi. Cika ruwa ya kai lita ɗaya. Gyara pH ya tsaya a 5.8 da ɗigon NaOH ko HCl. Sai a ƙarshe ka zuba aga, ka dafa har ya narke, ka raba a kwalabe, ka sa a otokilef a digiri 121 na minti 15 zuwa 20.

*Hattara:* in ka zuba aga kafin gyara pH, zai manne a bakin na'urar gwaji ya ba ka lambar ƙarya. In pH ya yi ƙasa sosai, abincin ba zai daskare ba. In ka wuce lokacin dafuwa, sukari zai ƙone, abincin ya yi ruwan ƙasa-ƙasa. Zubar da shi za ka yi.

Sinadaran girma ba a auna su kai-tsaye cikin lita, sun yi ƙanƙanta. Ana yin ruwan ajiya: miligiram 50 a narkar da ɗigo kaɗan na NaOH, a cika da ruwa zuwa mililita 50. Kowace mililita tana ɗauke da miligiram ɗaya ke nan. BAP da kainetin da 2-iP, masu sa toho, da IBA, mai sa saiwa, duk suna narkewa ta haka. A rubuta suna da rana a jiki, a ajiye a firji. GA3, mai sa toho ya miƙe, dabam yake, zafi yana karya shi. Ana tace shi ta matata mai ƙofa maikuron 0.22, a ƙara bayan abincin ya fito daga otokilef ya huce zuwa wajen digiri 50, wato lokacin da za ka iya riƙe kwalbar a tafin hannu amma bai fara daskarewa ba.

Abinci huɗu za ka tanada. Na toho: MS da BAP miligiram 1 zuwa 2 a lita, wannan shi ne mai sauƙi. Hanyar da masu bincike na ICRISAT suka wallafa a 2003 tana haɗa uku ne, TDZ wajen miligiram 0.9, 2-iP wajen 2, kainetin wajen 0.4, kuma tana ba da toho da yawa a lokaci guda. Na miƙewa: a cire TDZ gaba ɗaya, a rage 2-iP zuwa rabi. Na huce: MS zalla ba sinadarin girma. Na saiwa: rabin ƙarfin MS, na ruwa ba aga, da IBA miligiram 1.

Duk abin da ka haɗa, bar shi kwana uku a ɗakin raino kafin ka sa masa komai. Kwalbar da za ta yi fumfuna ta yi tun ba ta ci maka iri ba.

4. Wanke iri

Kunna lamina minti 20 kafin ka zauna, ka goge ko'ina da itanol mai ƙarfin kashi 70. In akwai fitilar UV, kashe ta kafin ka kusanto, tana ƙona ido da fata. Wanke hannu har gwiwar hannu, cire agogo da zobe, rufe baki da hanci.

Wanke irin da ruwan famfo da ɗigon sabulun ruwa, ka ɗauraye. A cikin lamina, tsoma shi a itanol kashi 70 na minti ɗaya. Tsiyaye. Zuba ruwan bilic mai ƙarfin kashi 1 zuwa 2 na sodiyam haifokulorait, da ɗigo biyu na sabulun ɗakin bincike mai suna Tween 20, kana girgizawa, minti 10 zuwa 15. Bilic na kanti ya wadatar, sai dai ka karanta ƙarfinsa a jikin roba. In an rubuta kashi 3.5, mililita 29 a cika da ruwa zuwa 100 zai ba ka kashi 1. Bayan nan a ɗauraye da ruwan da aka dafa a otokilef sau huɗu ko biyar, sannan a jiƙa a cikinsa ya kwana, kamar awa 14 zuwa 16.

*Hattara:* kabuli ba ya jure abin da desi ke jurewa. Rage masa lokaci zuwa minti 8 ko 10, in ba haka ba bilic zai ratsa fata ya kashe ɗan tayin, ka zauna jiran tsiron da ba zai fito ba. Tsofaffin takardu da yawa suna cewa a yi amfani da makuri kulorayid kashi 0.1. Yana aiki, amma guba ce mai taruwa a jiki, kuma ba a zuba ragowarta a magudana. In ɗakinku ba shi da tsarin tara irin wannan shara, ku bar shi. Kada kuma a taɓa haɗa bilic da asid, iskar da ke tashi tana kisa.

Wuta da itanol ba sa zama kusa da juna. Tsoma hantsaki, ƙona, ajiye ya huce sosai. Hantsaki mai zafi yana dafa naman tsiro nan take, sai bayan kwana biyu ka ga wurin ya yi baƙi.

5. Yanke gaɓa da fitar da toho

Da safe za ka tarar irin ya kumbura. Ɓare fatar da hantsaki biyu. A ciki akwai ɓari biyu, ɗan tayi kuma yana maƙale a tsakaninsu. Mahaɗar da ɓarin ya kama jikin ɗan tayi ita ce gaɓar da muke nema, daga hammatarta toho yake fitowa.

Hanya ta farko, mai sauri: tsaga ƙwayar a tsaye ta tsakiyar ɗan tayin, yadda kowane rabi zai tafi da ɓari ɗaya da rabin ɗan tayi. Datse kan saiwa. Kwantar da shi a abincin toho, gefen yankan yana taɓa abincin. Hanya ta biyu: ɗora ƙwayar da aka ɓare a abincin toho ta yi kwana 5 zuwa 7, sannan ka yanke saiwar, ka yanke babban tsiron dab da saman gaɓa, ka cire ƙananan tohon da suka leƙo a hammata, ka ɗan yi wa wurin tsaga da bakin aska. Cire babban tsiro shi ke sa gaɓar ta fitar da toho da yawa maimakon ɗaya. Ni na fi son ta biyu ga mai koyo, don gaɓar ta girma, ido yana ganinta.

Kada ka cire ɓarin da wuri, shi ke ciyar da yankin a makon farko. Kada kuma ka nutsar da gaɓar cikin aga, tana buƙatar iska. Biyar a kwalba ya isa. Liƙe bakin da farafim, wato ledar liƙi ta ɗakin bincike, rubuta nau'i da abinci da rana a jikin kwalbar, ba a murfi ba, don murfi yana musanyawa.

Cikin kwana 10 zuwa 15 za ka ga curin toho kore a gaɓar. Kullum ka zaga ka duba. Fari ko baƙin gashi-gashi fumfuna ce, daga iska ko hannu ta zo. Ruwa mai yauƙi kamar madara a gindin yanki bakteriya ce, yawanci daga cikin irin. Ko wacce ce, fitar da kwalbar a rufe, ka dafa ta a otokilef kafin a buɗe ta a wanke.

*Hattara:* TDZ yana da ƙarfi ƙwarai. In yanki ya wuce mako biyu a kansa, tohon zai fito a cunkushe, gajeru, manne da juna, kuma ba zai miƙe ba daga baya. In ka ga abincin ya yi duhu kewaye da yanki, ruwan da naman tsiron ke fitarwa ne, kuma yana cutar da shi. Mayar da shi sabuwar kwalba ba jira.

6. Miƙar da toho

Raba curin gida biyu ko uku, mayar a abincin miƙewa, sauya duk kwana 10 zuwa 14. Wanda ya kai santimita 4 zuwa 5 da ganye buɗaɗɗe, yanke shi ka wuce da shi gaba. Waɗanda suka ƙi tsawo, ba su GA3 wajen miligiram 0.7 a lita na zagaye ɗaya.

Cikpi yana yawan yin wata cuta ta kwalba: ganye ya kumbura da ruwa, ya yi sheƙi kamar gilashi, ya riƙa karyewa. Irin wannan tohon ba ya yin saiwa. Maganinsa a rage sinadarin toho, a ƙara aga zuwa giram 9 ko 10, a sa murfi mai barin iska ta ɗan shiga.

7. Saiwa, ko kuma aure

Nan ne akasarin ayyuka suke tsayawa, nan kuma nake roƙon ka ba da lokacinka.

Kuskure mafi yawa shi ne ɗauko toho daga abincin da ke cike da sinadarin toho a jefa shi kai-tsaye cikin na saiwa. Ragowar sinadarin da ke jikinsa yana hana saiwa fita. Ba shi mako ɗaya a abincin huce tukuna. Sannan ka zaɓi masu kauri, kore shar, ka yanke gindin a karkace da sabuwar reza, ka cire ganyen ƙasa.

Saiwar cikpi ba ta son zama cikin aga, tana shaƙewa. Dabarar da aka fitar a ICRISAT ita ce gadar takarda. Ninke takardar tacewa ta yi siffar harafin M, ka huda tsakiyarta, ka sa a bututun gwaji mai abincin saiwa na ruwa, ƙafafun takardar a cikin ruwa, samanta a waje. Zura gindin tohon ta hujin ya taɓa ruwan kaɗan. Takarda tana jawo abinci, gindi yana samun iska. Masu hanyar sun ba da rahoton samun saiwa har zuwa kashi 90 cikin 100. Naɗe ƙasan bututun da baƙar takarda ko foyil, saiwa ta fi son duhu. Cikin mako biyu zuwa uku za ka ga fararen saiwoyi. Da zarar sun leƙo, mayar da shi ruwan da ba IBA don su yi tsawo.

*Hattara:* in gindin ya yi ƙullutu fari, saiwa kuma tana fitowa daga jikin ƙullutun, kada ka yi murna. Irin wannan saiwa sau da yawa ba ta haɗe da jijiyoyin ruwa na karan, tsiron zai bushe kwana kaɗan bayan dashe. Yanke ƙullutun, rage IBA zuwa rabi, sake farawa.

Akwai tohon da duk abin da ka yi ba zai yi saiwa ba, musamman wanda ya daɗe a kwalba da kuma na ruwa-biyu. Shi aure ake yi masa, kamar yadda ake yi wa mangwaro. Da wannan hanya masu bincike na Jami'ar Aikin Gona ta Assam da hukumar CSIRO ta Ostireliya suka riƙa fitar da tsirransu. Shuka iri na gama-gari a ƙananan tukwane kwana 7 zuwa 10 kafin ranar. Cikpi yana barin ɓarinsa a ƙarƙashin ƙasa in ya tsira, don haka karan da kake gani a sama shi za ka datse, santimita 2 zuwa 3 daga ƙasa. Tsaga shi a tsaye kamar santimita ɗaya. Fere gindin tohon kwalba ta gefe biyu ya yi tsini, zura shi a tsagar, ɗaure da guntun bututun silikon ko farafim, kife masa farar leda. Kaurin biyun ya zo kusa da juna. In bayan kwana 10 kan tohon yana tsaye yana fitar da sabon ganye, ya kama.

*Hattara, kuma wannan babba ne:* gindin da ka yi aure a kansa zai riƙa fitar da nasa rassan daga ƙasa. Duba duk kwana biyu ka tsinke su. In ka bari, za su rinjayi tohonka, su yi fure, ka girbe irin gindi kana zaton na bincikenka ne.

Shawarata, tun ranar da ka fara mataki na 6 ka riƙa shuka tukwane goma na gindi kowane mako. Ranar da toho ya isa aure ba zai jira ka ba.

8. Daga kwalba zuwa ƙasa

Tsiron kwalba bai taɓa sanin busasshiyar iska ba, ganyensa ba ya iya riƙe ruwa. Ciro shi a hankali, wanke saiwar da ruwa mai ɗumi-ɗumi har sukari da aga su fita duka, don abin da ya rage shi fumfuna ke bi. Dasa a ƙaramin kofi mai huji a ƙasa, cike da yashi da aka dafa haɗe da ɗan bamikulait ko garin ɓawon kwakwa. Kife leda, bar shi a ɗakin raino. Bayan mako ɗaya huda ledar wuri biyu, kullum ka ƙara, a cire ta gaba ɗaya wajen kwana 14. Sai ya koma babbar tukunya a inuwa, daga baya rana.

Yawan ban ruwa ya fi ƙishirwa kashe cikpi. Taɓa yashin da yatsa, in da danshi bar shi. Shukar sanyi ce, zafin da ya haura digiri 35 yana lalata garin furenta, ba za ta yi kwanso ba. Tun daga wanke iri zuwa tukunya ka ƙiyasta wata uku zuwa huɗu, sai ka ƙirga baya. Mai aiki a Kano ko Zariya ko Maraɗi wanda ba shi da ɗakin gilashi mai sanyi ya tsara yadda fitarwa za ta faɗo farkon hunturu, fure ya zo kafin zafin Maris.

9. Ceton ɗan tayi

Sai ka fitar da tsiro mai rai daga mataki na 8, ba sau ɗaya ba, sannan ka zo nan.

Cikpin gona yana fama da tsutsar kwanso, Helicoverpa armigera, da cutar ƙunar ganye ta Ascochyta, da cutar yaushi ta Fusarium. Wasu dangoginsa na daji suna da juriyar da shi ba shi da ita. Biyu daga cikinsu, Cicer reticulatum na kudu maso gabashin Turkiyya da Cicer echinospermum, suna haɗuwa da na gona su ba da iri ba tare da kwalba ba, kada ka ɓata abinci a kansu. Masu buƙatar ceto su ne irin su Cicer pinnatifidum da Cicer bijugum da Cicer judaicum. A nan barbara tana kamawa, ɗan tayi ya fara girma, sai ya mutu a cikin kwanso kafin ya nuna.

Fara da daidaita lokacin fure. Na daji yana da taurin fata, ɗan kankare shi da reza kafin shuka, kuma ka riga shuka shi, don yana jinkiri in bai sami sanyi da doguwar rana ba. Na gona ka shuka shi kashi-kashi, mako-mako. Na gonan ake yawan mayarwa uwa.

Furen cikpi yana yi wa kansa barbara tun bai buɗe ba. Zaɓi ƙullin furen da bai buɗe ba, wanda jakunkunan garinsa ba su fashe ba. Buɗe shi da hantsaki, cire jakunkunan duka goma, ƙirga su. Ɗauko garin furen na daji ka shafa a kan macen. Ɗaura zare mai launi, rubuta rana. Tsoma hantsaki a itanol tsakanin fure da fure. Don kada kwanson ya kaɗe da wuri, ana ɗiga gaurayen sinadaran girma na GA3 da NAA da kainetin a gindin furen na 'yan kwanaki a jere. Yi da yawa, kaɗan ne za su kama.

Lokacin ciro kwanso shi ne komai. Binciken da aka yi a Yammacin Ostireliya ya nuna ɗan tayin haɗi da pinnatifidum yana iya kai kwana 15 zuwa 20 kafin ya mutu, ya riga ya ɗan yi siffa, don haka ya fi sauƙin ceto. Na bijugum kuwa sai an ciro shi tsakanin kwana 2 zuwa 7, yana ɗan dunƙule da ido ba ya gani. Mai koyo ya fara da pinnatifidum. Kullum ka duba kwansunan, wanda ya fara sauya launi zuwa rawaya ciro shi a ranar.

Kwanson ake wankewa a rufe, itanol na daƙiƙa 30, bilic kashi 1 na minti 10, ɗauraya. Abin da ke ciki da tsabtarsa, bilic kada ya taɓa shi. Tsaga ta ɗinkin gefe a ƙarƙashin madubi. In ɗan tayin ya kai a gan shi, ciro shi da bakin allura ka ɗora a abinci nan da nan, daƙiƙu kaɗan a iskar lamina suna busar da shi. In ƙarami ne ƙwarai, kada ka taɓa shi: ɗora ɗanyar ƙwayar gaba ɗaya a kan gadar takarda cikin abinci na ruwa, a duhu, bayan mako biyu zuwa uku ka buɗe ka ciro shi. Ƙaramin ɗan tayi yana son sukari mai yawa, giram 60 zuwa 90 a lita, in ba haka ba zai tsira tun bai ƙosa ba ya mutu. Yana girma kana ragewa har ka dawo 30, sannan ka fito da shi haske.

*Hattara:* kafin ka buɗe kwanson ruwa-biyu ko ɗaya, yi atisaye da kwansunan cikpin gona masu kwanaki daidai da nasa har hannunka ya daina rawa. Su ma ka raine su a gefe a abinci iri ɗaya. In su ma suka mutu, laifin abinci ne ko hannu, ba na haɗin ba.

Da yawa daga cikin 'ya'yan haɗi da pinnatifidum suna fitowa zabiya, farare ko rawaya-rawaya, ba koren da za su ciyar da kansu. Kada ka zubar da su a makon farko, ci gaba da sauya musu abinci a haske na wasu zagaye, amma ƙarfinka ya tafi kan masu kore.

10. Tabbatarwa da mayar da barbara

Ruwa-biyu ɗaya da ya rayu ba a kai shi tukunya shi kaɗai. Yanka gaɓoɓinsa ka ninka shi ta mataki na 5 da na 6 har ka sami kwafi biyar ko fiye, ka bar biyu a kwalba, sauran ka yi musu aure.

Ciri ɗan ganye a gwada DNA da alamomin gado da ake kira SSR tare da na uwa da na uba. Jakar gari ɗaya da ta kuɓuce maka a ranar barbara ta isa ta ba ka tsiro lafiyayye wanda cikpin gona ne zalla, kuma irin wannan ne ya fi saurin girma a kwalba. Wanda bai nuna alamar uba ba, cire shi daga jerin.

In ya yi fure, murƙushe jakar gari a ɗigon jan rinin asitokamin ka duba a madubi: ƙwayoyin da suka rinu ja suka cika su ne masu rai. Sau da yawa za ka tarar kaɗan ne. Don haka kada ka jira ya yi wa kansa barbara, mayar da shi uwa, ka kawo garin cikpin gona ka shafa masa. Ka tanadi na gonan yana fure a gefe a daidai lokacin, da abincin ceto a firji, don kwansunan wannan zagayen ma suna iya buƙatar komawa mataki na 9.